Inda murya take kwana

A ranin shekarar 2023, bayan hatsi ya shiga rumbu, aikin gona ya kwanta, wani ɗalibin kimiyyar harshe ya koma garinsu Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji ta jahar Maraɗi, riƙe da ƴar na'urar naɗar magana da ya aro da littattafan rubutu guda biyu. Abin da ya kai shi shi ne tattara kalmomin aikin mata irin na da, wato na sussuka da surfe da bakace da daka, da sunayen kayan da ake tatsar man gyaɗa da su. Wannan gunduma ita ta ƙunshi Tibiri, mazaunin sarautar Gobir, kuma bakin tsofaffin yankin bai bar tafarkinsa ba: suna cewa "munka" da "sunka" inda daidaitacciyar Hausa take da "muka" da "suka", suna kuma cewa "hwara" a gurbin "fara". Samari da suka yi ci-rani a Kano ko suka saba da sauraron rediyo sun fara sakin waɗannan siffofi, shi ya sa ɗalibin ya nufi tsofaffi.

Kakarsa ta wajen uba ce ta fara zama gaban na'urar. Da ya ajiye ta bisa tabarma, sai tsohuwar ta dube ta, ta dube shi, ta ce, "Kai maigida, wagga aba ita za ta ba ni kuɗin cefanen da ka hana ni?" Ya ce, "Ai muryarki za ta riƙe, Kaka, har jikokin jikoki su ji." Ta ce, "To in dare ya yi, ina take aje ta?" Aka yi dariya, aka shiga magana a kan turmi da taɓarya. Tambayar ba ta dame shi ba a ranar.

Cikin wata biyu ya naɗi kusan awa 40 daga bakin tsofaffi mata goma sha ɗaya. Bai matse sautin ba, ya bar shi a tsarin WAV kamar yadda malamansa suka hore shi, inda kowace awa take cin kimanin megabayit 345, jimilla ta tasam ma gigabayit 14. Ɗalibin harshe ya san dalilin wannan ɓarnar wuri. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo duk kamanninsu ɗaya a takarda, kunne ne kaɗai ke raba su. Duk wanda ya kwafe zance a littafi ya jefar da sautin, to ya riƙe rabin shaida ne. Kuma mai son auna yadda maƙogwaro ke aiki wajen furta ɓ da ɗ a manhaja irin Praat yana bukatar sautin da ba a tankaɗe shi ba.

Na'urar ta aro ce, dole ta koma hannun mai ita da katinta wanke. Kwamfutarsa tsohuwa ce, cikinta ya cika. Tura gigabayit 14 zuwa rumbunan intanet da kuɗin waya kuwa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, ko da layin zai jure. Sai ya kai kayansa wata ƙaramar cibiyar bincike da yake hulɗa da ita a birni, inda ake da uwar garke, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke ajiya a cikinta. Ya ga ɗakin da idonsa: ƙofar ƙarfe, sanyi kamar na asubahin hunturu, ƴan fitilu koraye suna ƙyaftawa. Ma'aikacin da ke kula da ɗakin ya bayyana masa cewa faifai biyu ne a cikin injin, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana sauka a ɗayan nan take, sannan ga wani faifai na uku a gefe da ake juye komai a kansa lokaci lokaci. Hankalin ɗalibin ya kwanta. Ya share katin, ya mayar da na'urar, ya riƙe awa shida kawai da yake aikin kwafewa a kansu.

Irin wannan ɗaki yana rayuwa ne bisa abubuwan da mai kawo ajiya ba ya lura da su. Injinan suna son zafin da bai wuce tsakanin digiri 18 da 27 ba, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura 40. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutu dare da rana, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata hanci, tana bin fankokin injin tana kwanciya a kansu. Akwai akwatin batir da ke riƙe wuta na ƴan mintuna idan an ɗauke, kafin janareta ya tashi. Batiran dalma da ke cikinsa zafi ne ajalinsu, don ƙarin digiri goma kan abin da aka tsara musu yakan raba kwanansu biyu. Janareta kuma yana son gazuwal, gazuwal yana son sa hannun wani a ofis. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kasa, sauran ba su da amfani.

A ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, kuma a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar. Yammacin ƙasa yana sha ne daga layin Birnin Kebbi. Maraɗi da Damagaram kuwa daga layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Kamfanin NIGELEC ya koma raba ɗan abin da injinansa ke iya bayarwa, unguwa bayan unguwa. Mutanen gari sun ji abin a ruwan sanyi da injin niƙa da shagon walda. Ɗakin ajiyar can ya ji shi ta wata fuska: wuta ta zo, ta tafi, ta dawo da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida, injin ya mutu ba shiri yana tsakiyar rubutu, a tayar da shi, ya sake mutuwa. Faifai mai juyawa yakan jure shekaru yana aiki ba tsayawa, amma ba ya jure irin wannan fizga.

Kakar ta rasu a ƙarshen damina. Bayan sadakar arba'in ɗalibin ya koma birni da niyyar ɗauko ragowar awoyinta, ya tarar da ƙofar ƙarfen a buɗe, ɗakin da ɗumi, ba fitila ko ɗaya. Ma'aikacin bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce ɗaya daga cikin faifan biyu ya mutu tun kafin azumi, tun ma kafin ɗalibin ya kawo ajiyarsa da ƴan makonni. Ya rubuta takardar neman a sayo wani, takardar ba ta dawo ba. Injin ya ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya har watan Oktoba, sannan ta biyun ta karye. Ɗalibin ya ce, "To Malam, na ukun fa?" Ma'aikacin ya nuna masa wani ɗan akwati baƙi a kan teburi, taku biyu daga injin, jone da soket ɗin da injin yake jone. Wutar da ta ƙona wancan ita ta ƙona wannan.

Ɗalibin ya fita da fushi, kuma ya daɗe yana ɗora laifin kan mutumin nan. Daga baya ya gane bai yi masa adalci ba. Mutum ɗaya ne ke kula da injin, shi ke gyara na'urar buga takardu, shi ke ja wayar intanet daga ofis zuwa ofis, shi ake kira idan wani ya manta kalmar sirrinsa. An sayi injin da kuɗin wani shiri na masu ba da tallafi, shirin ya ƙare, ba a bar ko dala a kasafi don faifai ko batir ko mai ba. An sayo doki, ba a yi tanadin dusa ba. Masu aikin ajiyar bayanai suna da ƙa'ida da kowa a cikinsu ya sani: kwafi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ma'aikacin ya san ta sarai. Abin da ba shi da shi shi ne wani wurin dabam, da wanda zai sa hannu a biya kuɗinsa. Shi ma ɗalibin bai taɓa tambaya ba, sanyin ɗakin ya ishe shi hujja.

Kada a ɗauka wannan cuta ce ta matalauta kaɗai. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu daga cikin abokan cinikinsa sun wayi gari sun tarar kwafin da suke taƙama da shi yana harabar da ta ƙone. Masu cewa a zuba komai a rumbunan intanet na ƙetare su ma sun ga iyakar shawararsu a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka yini cikin wahalar layi. Nijar ba ta da gaɓar teku, duk abin da ta ajiye a Turai ko Amurka sai ya ratsa ƙasar wani kafin ya dawo mata. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka haɗa gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai da shirin shimfiɗa wayar fiba ta ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa wa, aka kuma tsara ta a mataki na uku, wato wadda za a iya gyara kowane sashe nata ba tare da an kashe ta ba. Aiki ne mai kyau. Sai dai an yi shi ne da hukumomi a zuciya, kuma tsakanin ƙofarsa da jakar ɗalibin da ya dawo daga ƙauye da muryoyin tsofaffi akwai tafiya mai nisa. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗaga haka yana bukatar ƙamus da nahawun da suka san Gobiranci da Adaranci da Arewanci, waɗannan kuwa ba a rubuta su sai da naɗaɗɗen sauti da ya tsira.

Abin da ya tsira daga awoyi 34 ɗin nan ya fito ne ta inda ɗalibin bai zata ba. Da ya je gida hutun sallah, yana shiga zaure sai ya ji muryar kakarsa tana tashi daga cikin gida, tana bayanin yadda ake gane gyaɗa ta soyu. Gwaggonsa ce ke saurare a ƙaramar wayarta. Ashe a lokacin da yake aikin naɗar, duk bayan kwana biyu yakan bar na'urar wajen mai cajin waya na bakin kasuwa, wanda ke da farantin hasken rana da batirin mota da wata tsohuwar kwamfuta da yake zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a katin waya. Gwaggon ta roƙe shi ya sa mata maganar uwarta, shi kuwa ya juye abin da ya samu a katin ranakun nan, ya matse shi zuwa MP3 don ya shiga ƙananan wayoyi, bai kuma share ba, domin sana'arsa ba ta san sharewa ba. Daga wayar gwaggo abin ya bi Bluetooth ya shiga wasu gidaje.

Ɗalibin ya tattaro kusan awa tara. Murnarsa ba ta zo ita kaɗai ba. Ya yi wa tsofaffin nan alkawarin cewa maganarsu ta makaranta ce, ga shi wata daga cikinsu da ta saki baki a kan zamanta da kishiyarta ana jin ta a gidajen da ba ta aika ba. Sai da ya je har ɗakinta ya durƙusa ya ba da haƙuri. Sautin kuma ya ragu. Karin sauti da tsawon wasali sun tsira, ana jin su rangaɗau, amma ƙananan alamun maƙogwaro da ya so aunawa sun dushe. Sunayen fayilolin ma sun lalace. Ya raɗa musu suna da cikakkiyar Hausa, da ƙ da ɗ da ƴ, manhajar mai cajin kuwa ba ta san waɗannan haruffa ba, ta mayar da wasu alamar tambaya, wasu ta ba su lamba kawai. Littafinsa ya ce ranar kaza an naɗi wance a kan bakace, amma babu abin da ya haɗa wannan layi da fayil mai suna 0047.

Saboda haka ya kwashe sauran hutun a tsakar gida tare da gwaggonsa, waya a tsakaninsu, littafi a cinyarsa. Yakan kunna minti ɗaya ya tsayar. Ita ta san kowace murya, ta san tarin kowa da dariyar kowa, har takan gane gidan da aka yi naɗin daga kukan jakin da ke bayan zance. Ya ce, "Gwaggo, wannan fa?" Ta kasa kunne, ta ce, "Wagga ta gidan liman ce, amma mai gyara mata magana daga nesa Inna ce. Mai da baya kaɗan in ji." Ya mayar, ya rubuta lambar fayil da suna da minti. A wannan karon ya sayi katin waya uku: ɗaya yana jakarsa, ɗaya ya aika wa wani abokin karatunsa a Damagaram, na ukun gwaggo ta ƙulle shi a tsumma ta jefa cikin kwallar da take ajiye takardun gona.