Wa'adin Kwana 365

Da yawa cikin ƴan'uwana malamai suna ɗauka zamanin kaset ya wuce tun ranar da wayar salula ta shiga aljihun kowa. A kasuwa kam haka abin yake. Amma a manyan gidajen ajiya na duniya, bankuna da gidajen talabijin da cibiyoyin bincike irin su CERN ta Jeneba, har gobe a kan zaren kaset ake jibge abin da ake so ya daɗe. Sai dai ba kaset ɗin nan na Philips ba ne, na 1963, wanda muka saba naɗewa da biro in zarensa ya zubo. Wannan sunansa LTO. Samfurinsa na farko ya fito a 2000 yana ɗaukar gigabayit 100. Na tara, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar terabayit 18, wato in murya ce aka kwafa da ingancin da masana ajiya suke so, kaset guda mai faɗin tafin hannu zai haɗiye magana ta fiye da awa 8,000. Yana da araha, ba ya shan wuta in yana ajiye, kuma ɓarawon intanet ba ya iya miƙa hannu ya taɓa shi.

Irin waɗannan kaset ba a jera su a kanta. Akwai akwatin ƙarfe da aka ƙera musu, mai gurabe a ciki kamar saƙar zuma, ƙarami mai gurbi 24, babba mai dubbai. A gefe akwai inji ɗaya ko biyu masu rubutu da karatu, a tsakiya kuma wani hannun ƙarfe yana kai da komo, ya zaro kaset daga gurbinsa ya cusa wa inji, in an gama ya mayar. Rumbu ne mai sarrafa kansa. Da dare, ba kowa a ɗakin, sai ka ji motsinsa kamar gafiya a cikin dawa.

Ni ɗan Dakoro ne, kuma alli na fara riƙewa kafin kwamfuta. Shekarun baya aka ɗora mini aikin haɗa irin wannan rumbu da manhajar ajiya, a wata cibiya da take tara muryoyin da aka kwafo daga tsofaffin kaset. Manhajar ita ce Bacula, ta kyauta, wadda Kern Sibbald ya fara rubutawa a 2000. Ina so in ɗan tsaya a kan yadda ake wannan haɗi, ko da mai karatu ba zai taɓa yin sa ba, domin a cikinsa akwai maganar da ta shafi duk wanda ya taɓa ajiye murya.

Abu na farko, manhaja ba ta ganin akwatin a matsayin abu guda. Hannun ƙarfen daban take ganinsa, kowane inji ma daban, ba ta kuma san suna gida ɗaya ba sai an gaya mata. Sai mutum ya buɗe fayil ya rubuta mata dalla-dalla: ga adireshin hannu, ga umurnin da za ki ba shi, ga inji mai lamba sifiri, ga mai lamba ɗaya. Tarkon da kowa ya sani a wannan sana'a shi ne, jerin da akwatin yake lissafa injunansa ba lalle ne ya zo daidai da jerin da kwamfuta ta ba su ba. In suka saɓa, hannu zai sa kaset a inji na farko, manhaja ta leƙa na biyu ta tarar wayam, sai ta zauna tana aiko da saƙo a kawo mata kaset ɗin da yake nan kusa da ita. Kamar mutum biyu ne da suka yi alkawarin haɗuwa a tashar Maradi, kowa ya tsaya a ƙofa daban har rana ta faɗi. Wani lokaci ma sunayen sukan musanya bayan an ɗauke wuta an maido, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ya sa ake kiran kowane inji da lambar da maƙera suka buga masa, wadda ba ta canzawa. Kafin a amince, sai an gwada hannun shi kaɗai da ɗan umurnin nan da ake kira mtx: ɗauko na gurbi uku, sa a inji, fitar, mayar.

Daga nan sai lamba. Kowane kaset ana manna masa takarda mai zane-zanen layi, baƙaƙe da alƙaluma 8, biyun ƙarshe suna faɗin samfurinsa. Wannan lamba ita kaɗai hannun ƙarfe yake karantawa. Bai san Ɗan Gurmu na Tawa ba, bai san Shata ba, bai san bambancin tafsiri da kirarin ƴan kokawa ba. Abin da ya sani shi ne lamba kaza tana gurbi kaza. Wanda ya san abin da ke cikin kowane kaset shi ne kundin rajista da manhaja take rubutawa a gefe, cikin kwamfuta. In kundin ya salwanta, rumbu yana nan cike amma an koma ba a san komai ba, sai an bi kaset ɗaya bayan ɗaya an karanta daga farko har ƙarshe, alhali cikakken kaset na tara yana cin fiye da awa 12. Ko an yi wannan wahala, sunayen fayil kawai za a maido. In mai kwafa ya sa wa fayil suna "kaset 14, fuska ta biyu", to iyakar abin da za a samu ke nan har abada.

Layin da ya fi tsayar da ni gajere ne. A cikin fayil ɗin misali da manhajar take zuwa da shi, an rubuta cewa wa'adin kowane kaset kwana 365 ne, an kuma yarje mata ta sake amfani da shi bayan haka. Ma'ana, in shekara ta zagayo, manhaja za ta goge labarin kaset ɗin daga kundinta, ranar da ta buƙaci wurin rubutu kuma ta tura hannun ƙarfe ya ɗauko shi a rubuta sabo a kan tsoho. Ba ta tambayar kowa, domin an riga an ba ta izini. Ba laifin masu manhajar ba ne. Don ofis suka tsara ta, inda ake kwafar aikin yau saboda tsoron gobara ko ɓatan fayil, kwafin bara kuwa ba shi da sauran amfani. Amma gidan ajiyar tarihi akasin haka yake nema. Wanda ya kwafi misalin nan yadda yake, bai taɓa layin ba, ya yanke wa muryar tsohon da ya riga mu gidan gaskiya hukuncin shekara guda, kuma ba zai sani ba sai ranar da ɗalibi ya zo nema. A wancan aiki sai da na je na sami shugabannin cibiyar na ce su faɗa da bakinsu shekara nawa suke so a rubuta. Suka dube ni da mamaki, don a ganinsu wannan maganar masu gyaran inji ce. Ni kuwa har yau ina ganin babu maganar da ta fi ta zama ta masu gida. Daga ƙarshe aka hana sake rubutu gaba ɗaya, aka kuma tura ɗan makullin da ke jikin kowane cikakken kaset.

Kada a ce wannan sakaci na matalauta ne. A 2009 hukumar NASA ta Amurka ta bayyana cewa ainihin kaset ɗin da suka ɗauki saukar mutum a kan wata a 1969 an goge su an sake amfani da su. BBC ma ta share shirye-shirye masu yawa na shekarun 1960 da 1970 don ta sami zaren da za ta ɗauki sababbi.

Mu ma a gida mun san wannan hukunci, da hannu muke zartar da shi. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne mai yawo tsakanin Dakoro da Kornaka da ƙauyukan kwarin Tarka, kuma yana da rediyo mai kaset da ba ya rabuwa da ita. Ya bar akwatin ƙarfe cike. A ciki akwai dattawan Birnin Lalle suna ba da labarin zaman Gobirawa a can bayan fitowarsu daga Azbin, akwai makiyaya suna lissafa abin da farin 1973 da na 1984 suka ci musu, akwai saƙonnin murya da ƴan ci-rani suke aikowa daga Kano da Libiya a zamanin da kaset ne wasiƙar wanda bai yi boko ba. Duk wanda ya ɗauka da muhimmanci, kawu yakan karya masa ɗan kunnen nan na baya don kada a yi ɗauka a kansa. Yaran gidan kuwa suka gano cewa in an cusa takarda a ramin, magana ta ƙare. Yau akwai kaset ɗin da za ka ji tsoho ya fara jero sarakuna, kafin ya kai na huɗu sai waƙar Indiya ta faɗo.

Ƙasarmu ba ta yi barci a kan wannan fanni ba. Tun 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda ta zama CELHTO, Juulde Layya ya daɗe yana jagorancinta. IRSH tana da nata tarin muryoyi da littattafan ajami da Bubu Hama ya fara tarawa, gidan rediyon ƙasa ma yana da nasa. Amma lokaci ya ƙure wa kowa. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu ajiyar sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗin cewa wajen 2025 injunan sauraren tsofaffin kaset da kayan gyaransu za su yi wuyar samu. Shekarar ta zo ta wuce. Shi kansa LTO bai tsira ba: injin samfuri na tara na takwas kawai yake iya karantawa a bayansa, na goma da ya fito a 2025 kuwa ba ya karanta na baya ko ɗaya. Ke nan duk bayan ƴan shekaru sai an kwashe rumbu an zuba a sabo.

Saboda haka in ƙungiyar al'adu ta Dakoro ta tambaye ni ko ta nemi masu tallafi su saya mata irin wannan akwati, zan ce a'a. Masu ƙera LTO suna cewa yana kai shekara 30, amma a ɗaki mai sanyi da bai wuce digiri 25 ba, marar ƙura. Mu kuwa a Afrilu zafi yana haura 40, hunturu kuma yana shigo da ƙasa har cikin kwanon tuwo. A bar akwatin inda ake da sanyi da wuta da ma'aikaci mai albashi. Abin da Dakoro take da shi wanda Yamai da Faransa ba su da shi, shi ne kunnen da zai ji murya ya ce wane ne. Wannan shi ne kundin rajista na gaskiya, kuma shi ma yana da wa'adi, sai dai ba mu muka rubuta shi ba. Malami da ƴan ajinsa suna iya wannan aiki da littafin rubutu da biro: a ba kowane kaset lamba a jikinsa, ba a kwalinsa kawai ba, don kwali yakan ɓace, a kunna shi gaban tsofaffi, a rubuta mai magana da garinsa da harshensa, Hausa ce ko Fulatanci ko Tamajak, da shekara ko abin da ya faru a shekarar, da wanda ya ɗauka, da ko iyalinsa sun yarda a ji a waje. Littafin kuma a yi shi biyu, a gida biyu.

Da na kawu muka fara. Wani kaset da ba rubutu ko ɗaya a jikinsa muka kunna wa wata gwaggonmu da idonta ya yi rauni. Kalangu bai gama gaisuwa ba ta faɗi sunan makaɗin da na ubansa, ta ce bikin wance ne, shekarar da aka haƙa rijiyar bakin kasuwa, ta kuma ce a dakata a mayar baya, guɗar nan da ake ji ta yayarta ce. Wajen rabin akwatin mun san masu maganarsa yanzu. Sauran mun tsame takardun da yara suka cusa musu, mun ba su lamba, in an gama girbi za mu kai su Kornaka, inda aka ce akwai wani tsohon direba da ya yi shekaru yana ɗaukar kawu a motarsa.