Kwana 16 Bayan GMAT

Wanda ya fito daga jarrabawar GMAT, ta neman shiga makarantun kasuwanci, da makin da bai yi masa daɗi ba, abin da yakan fara dubawa kalanda ce. Hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta yarda a sake zama bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata 12. Kwanakin nan akwai ruɗi a cikinsu. Takaici kan sa mutum ya sake biyan kuɗi da gaggawa, ya koma ya kwaso maki kusan irin na farko.

Da yawa ma suna baƙin ciki ne a kan lambar da ba su fahimta ba. A Nuwamban 2023 aka fito da sabon tsari, aka rufe tsohon a ƙarshen Janairun 2024, ma'aunin maki ya koma tsakanin 205 da 805. Amma 700 ta tsohon ma'auni ta zauna wa mutane a rai, alhali 645 ta yanzu ita ce daidai da ita. Sai ka ga mai 655 yana zullumi a banza.

Wanda ya tabbata yana bukatar ƙari, rahoton makinsa ne malaminsa na farko, domin yana nuna inda ya yi tuntuɓe da inda lokaci ya tsere masa. Jarrabawar awa biyu da minti 15 ce, kashi uku, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar Turanci da auna hujja 23, nazarin bayanai 20. A lissafi ke nan kowace tambaya minti biyu da 'yan daƙiƙu gare ta, kuma ba na'urar lissafi, sai a kashin bayanai. Kwamfutar tana bin sawun mai amsawa, in ya ci ta ƙara masa wuya, in ya faɗi ta sassauta. Wanda ya kafe a kan tambaya ɗaya har minti biyar saboda girman kai yakan kai ƙarshe da tambayoyin da bai taɓa ba, barinsu kuwa yana zaftare maki. Ga shi an ba shi damar gyara amsa uku a kowane kashi, amma sai in ya rage lokaci.

Shi ya sa masu koyarwa ke nacewa a kan littafin kurakurai, inda za a rubuta kowace tambayar da aka faɗi da dalilinta, ko rashin sani ne, ko garaje, ko karanta tambaya sama-sama.

Sauran lissafin na kalanda ne. Manyan makarantu irin su Harvard da Wharton suna rufe zagayen farko na karɓar takardun neman shiga a Satumba, na biyu a Janairu. Makin yana aiki shekara biyar, kuma sai mutum ya gan shi sannan ya zaɓi inda zai tura.