Kafin ka ɗaura wa jaki amalanke

Jikana, na ji ka sayi amalanke za ka riƙa kai itace Damagaram. Allah ya sa albarka. Sana'a ce ta halal, ni ma na ci abinci da ita. Amma zauna ka ji yadda na ci.

A 1984, da fari ya ƙone gero, dabbobi suka ƙare, gatari ya zama gonarmu. Akwai wata kirya a gonar mahaifina, mutum biyu ba sa rungume ta. Kwana uku ina sara, na tone har saiwa, na yi gawayi na sayar wa maƙera. Kuɗin bai riƙe mu wata guda ba. Ka san wurin: nan ne iska ke binne mana shuka da rairayi duk farkon damina. Har yau in na bi ta nan sai na sunkuyar da kai.

A lokacin itace na gwamnati ne, ko a gonarka yake. Manomi kan tuge ɗan tsiro tun yana ƙarami don kada ma'aikatan gandun daji su ci shi tara in ya girma ya taɓa shi. Da aka sassauta doka, sai sassabin zamani ya bazu, wanda aka fara wajen Maraɗi. Je ka Magarya, Matamai ko Mirya ka ga gawo a cikin gonaki. Yana kakkaɓe ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya. Ba dasa su aka yi ba, barin su aka yi suka tashi daga tsohon kututture.

To, haka za ka yi. Sabara da geza suna tohowa, ka zaɓi sanda biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran. Reshe za ka sara, da kaifin gatari, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Itacen da ke riƙe da tudun rairayi a saman tafkin Gidimuni kuwa, ko nawa aka taya, ka ƙyale shi. Dabinonmu da rakenmu a ƙarƙashinsa suke. Ka kuma yanki takardar izini. Tun 1992 doka ta tsara kasuwannin itace na karkara, kuma ƙauye na da rabonsa a harajin.

Na ji a rediyo cewa a Ingila akwai tashar lantarki, Drax, da ke ƙone itacen da ake kawowa daga Amurka da Kanada, wai ai zai sake tsiro. Hayaƙi yau yake fita, kirya kuwa sai jikoki. Wanda ya taɓa jiran itace ya girma ba zai yarda da wannan lissafi ba.

Abin da ke damuna na gida ne. Tun 2011 matatar SORAZ ke fitar da gas a nan jiharmu, amma kakarka da kara da kashin shanu take tuwo, abin da ya kamata ya koma gona taki. Dubi idonta in ta tashi daga murhu. Tukunyar gas ta tsaya a birni, kuma wannan hakkinmu ne a wuyan shugabanni.

Gobe bayan asuba ka zo da gatarin, ka wasa shi tukuna. Za mu fara da sabarar da ke gefen rijiya.