Tsaikon Jiki da Yaro Mai Yawan Faɗuwa

'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya san jinkar ɗaki ba ta tsayawa sai da tsaiko. To, haka ƙwayoyin halittan nan su ke, waɗanda su ka haɗu su ka zama jikin mutum. Kowace tana da nata tsaiko a ciki, watau waɗansu zarurruka sirara ƙwarai, su ke riƙe ta, su ke motsa ta.

Umarnin yin zarurrukan nan yana cikin ƙwayoyin gado da mu ke samu daga iyaye, kuma dangi dangi su ke. Zaren da a ke kira aktin ƙwayoyin gadonsa 6 ne: ɗaya na tsokar gaɓoɓi, ɗaya na zuciya, biyu na hanji da jijiyoyin jini, sauran biyun kuwa na ko'ina cikin jiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙwayar gado ɗaya tana iya ba da umarni iri iri, gama gunduwa gunduwa ta ke. Cikin 1977 Richard Roberts da Phillip Sharp su ka gano haka a Amurka, har a ka ba su kyautar Nobel cikin 1993. Mu mutanen Kafanchan ba za mu sha wuyar ganewa ba, domin garinmu ya zama mararrabar jirgin ƙasa cikin 1927. Dattawa sun ga yadda ma'aikata kan cire wannan tarago su haɗa wancan, jirgin Jos dabam, na Kaduna dabam. Haka jiki ya ke yi da gunduwoyin nan, kowane sashe ya haɗa abin da ya ke bukata.

Me ya kawo wannan ga malami? Sa'ad da na je gwajin koyarwa a wani ƙauye wajen Kagoro, na ga wani yaro ɗan aji ɗaya mai yawan faɗuwa. Tafiya ya ke bisa yatsun ƙafa, sha-raɓarsa manya, in zai tashi sai ya dafa gwiwoyinsa. Waɗansu su ce lalaci, waɗansu su ce sammu. Alhali kuwa alamun ciwon Duchenne ke nan, wanda a ka sa wa sunan wani likitan Faransa, kuma galibi maza ya ke kamawa.

Asalinsa ƙwayar gado ce mai gunduwa 79, wadda a ka gano cikin 1986. Ita ke ba da distirofin, igiyar da ke ɗaure zaren aktin da bangon ƙwayar tsoka. In ta lalace, sai tsoka ta yi ta rauni kaɗan kaɗan. Har wa yau ƙwaƙwalwa tana da nata irin distirofin, shi ya sa waɗansu yaran kan yi jinkirin karatu.

Rashin sani ya fi dare duhu. In kun ga yaro haka a ajinku, ku ajiye bulala, ku zaunar da shi kusa da ƙofa, ku hana yara yi masa dariya. Sa'an nan ku lallashi iyayensa su kai shi babban asibiti da wuri. Ko da ya ke ciwon ba ya warkewa sarai, magani da motsa gaɓoɓi suna ƙara masa shekarun tafiya da ƙafarsa. Kada kuma ku bari a ɗora wa uwarsa laifi, gama ba wanda ya ke zaɓen abin da ya gada.