Tafiyar mai ƙaramin guzuri a bakin tekun Maroko

Wani ma'aikacin gwamnati ne ɗan Damagaram, wanda aka tura ƙarin ilimi na wata shida a birnin Rabat. Da karatun ya ƙare, abin da ya rage hannunsa bai wuce jika 150 ba, saura kuma kwana goma sha biyu jirgi ya tashi zuwa Yamai. Abokan tafiyarsa suka bazu cikin kasuwannin Kazablanka suna sayen jallabiyoyi da takalma don su sayar in an koma gida. Shi kuwa, da ya girma bai san wani ruwa ba sai tapkin damina, ya ƙudura niyyar bin bakin teku har Agadir, ko da yake ya san sarai kuɗin tsarabar iyali ne zai ci a hanya.

Jaka guda ya goya: riga biyu, bargo, buta da ɗan littafin lissafi. Dirhami ɗaya kimanin sefa 60 ne, don haka duk abin da zai saya sai ya juya shi cikin dala tukuna. Ya kafa wa kansa doka uku: motar talakawa zai shiga, ɗakin haya mai gadaje da yawa zai kwana, kuma inda masunta ke cin abinci nan zai ci. Da haka ya ratsa Aljadida, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka bari a 1769 take tsaye, ya wuce Safi, garin tukwane da kifin sardin, inda gasasshen kifi da burodi suka riƙe shi wuni guda.

A Assawira ne tafiyar ta sake kama. Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ne ya gina birnin wajen 1765, ya mai da shi tashar da ayarin Tumbutu ke sauke zinariya da hauren giwa da gashin jimina. Ba haja kaɗai ayarin hamada suka kai Maroko ba, har da mutane. Wata rana bayan sallar isha'i ya ji kiɗa daga wani lungu, ya bi sautin, ya tarar da makaɗan Ginawa, jikokin bayin da aka kwaso daga ƙasashen baƙar fata. Babbansu na kaɗa wani abu mai tsirkiya uku mai kama da garaya, sauran suna buga ƙarafa irin sambani, turare na tashi. Duk wanda ya taɓa ganin wasan bori ba ya bukatar a yi masa bayani. Da tsohon ya ji daga inda baƙon ya fito, sai ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya gaya masa cikin waƙoƙinsu akwai sashen da suke kira na Hausawa. A 2019 hukumar UNESCO ta sa wannan kiɗa cikin gadon duniya, amma a daren nan baƙon bai ga gadon duniya ba, dangin da aka manta ya gani.

Daga nan ya taka da ƙafa kilomita 25 bisa rairayi zuwa Sidi Kawki, iska tana ture shi, ruwan kuma sanyi ƙarara ko da rana tsaka. Gaba kaɗan ya ga awaki bisa itatuwan argan suna cin ƴaƴa. A ƙauyen Imsuwan lissafi ya ƙwace masa: ɗakuna masu araha duk baƙin Turawa sun cika su, wanda ya rage kuɗin cimakar kwana uku ne. Ya yi sallar magariba ya zauna bakin masallaci, bai san inda zai nufa ba. Wani masunci ya tambaye shi, ya kai shi rumfar da suke ajiye taru, ya kawo masa shayi da kifi. Da safe ya miƙa kuɗi, mutumin ya ɓata rai, ya ture hannunsa. Da aljihunsa cike yake, da yana can bayan ƙofar otel, bai san akwai wannan mutum a duniya ba.

Ya isa Agadir, birnin da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasa ta 1960, da kuɗin motar komawa da ɗan abin da ya sayi kwalbar man argan guda.

A Damagaram uwargida ta juya kwalbar ta ce: "Maigida, wata shida, iyakar tsarabar ke nan?" Bai yi gardama ba, don tana da gaskiya. Abokansa sun ci ribar hajarsu kafin wata ya mutu, shi kuwa ya yi wata uku yana biyan bashin kanti. Amma tun daga lokacin, baƙon da dare ya riska a masallacin unguwarsu, a zaurensa yake kwana. Allah ya sada kowane matafiyi da mutanen kirki.