Saukowa Daga Dutsen Kufena

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna magana a kan wani abu da ke ƙofar gidanmu, amma ba mu san darajarsa ba.

A kudu maso yammacin Ingila akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon mil 630, tana bin gefen duwatsu masu tsayi a bakin teku. Asalinta ma'aikatan tsaron gaɓa ne suka taka ta, suna fakon 'yan fasa ƙwauri. Da aikin ya ƙare ba a bar ta ta mutu ba, aka gyara ta, har yau mutane suna binta domin kallo da motsa jini.

To, mu a Zazzau Allah bai ba mu teku ba, amma ya ba mu Kufena. Mutumin Samaru ko na Sabon Gari kullum yana hangen dutsen nan, amma ƙalilan ne suka taɓa hawansa. Wanda ya kai bisa da kaka, kafin hazo ya sauko, zai ga birnin Zariya da rimayensa daga gabas, da Samaru daga arewa, gonakin dawa kuwa sun shimfiɗu iyakar ganin ido, iska na kaɗa su sai ka ce ruwa.

Amma daɗin tafiyar da hatsarinta duk a saukowa suke. Dutsen sulɓi gare shi, wani gefen kuma a tsaye yake kamar bango. Mai hankali ba ya miƙewa sak, sai ya riƙa karkacewa yana bin tsagi, ba gudu, ba waige. In an yi ruwa kuwa, haƙuri ya fi. A hankali Wusasa za ta riƙa matsowa, inda mishan suka koma daga cikin birni a 1929, har mutum ya iso gindin dutse, ya tarar da kufan tsohuwar ganuwa da tsingaro a warwatse.

Nan ne abin ya kamata ya taɓa zuciya. Masana tarihi sun ce daga Turunku sarautar Zazzau ta taso, mutane kuma sun zauna a gindin Kufena tun kafin birnin da muka sani ya cika. Ga shi ganuwar ƙasa ce, damina na cin ta, noma da gini na matsa mata. Abin da ya rushe ba mai sāke tayar da shi.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta su riƙa kai yara can da kaka, da sassafe, da ruwan sha da babban da ya san hanya. Ina kuma roƙon hukuma da masarauta su sa alamu a hanyar sauka, su hana taɓa ganuwa. Yaron da ya taka wurin da ƙafarsa ba zai yarda a rushe shi ba in ya girma. Gani ya kori ji.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Sabon Gari, Zariya.