Ranar da na ga alƙali ya mayar wa mutum bindiga a Bajiniya

Na sauka Richmond, babban birnin jihar Bajiniya ta Amurka, a watan Nuwamba, ana tsakiyar farautar barewa. A bayan gari sai ka ga maharba sanye da riguna ruwan goro, don kada ɗan'uwa ya harbi ɗan'uwa a daji. Kogin James ya ratsa garin, kyakkyawa ne ƙwarai, amma kusa da Kwara a Yauri ƙane ne.

Mai masaukina, mutumin Ngaski, ya ce in raka shi kotu. Maƙwabcinsa ne, dattijo mai walda, zai nemi a halatta masa riƙe bindiga. Da ƙuruciya ya fasa shago, ya yi zaman kaso.

Kaina ya ɗaure. Na ce, "Yaya, ba ya gama wa'adinsa ba?"

Ya ce, "Ya gama, amma a nan babban laifi yana tafiya da 'yancinka. Gwamna ke mayar da sauran, bindiga kuwa sai alƙali."

Mu ma a Najeriya dokarmu ta makamai ta 1959 ta hana lasisi ga wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Bayan nan sai abin da 'yan sanda suka gani, a cikin ofis. Ga shi tun 17 ga Yunin 2021, da aka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, maganar wa ya dace ya rataya bindiga cikin 'yan banga ta zama ta rai da mutuwa a wajenmu. Shi ya sa na kasa kunne sosai.

Dattijon ya miƙe, takardar gwamna ta mayar masa da sauran 'yancinsa na rawa a hannunsa. Alƙali ya tambaye shi sana'arsa, da abin da zai yi da bindiga. Ya ce jikansa yake so ya koya wa farauta. Sai aka juya ga lauyan gwamnati, wanda doka ta ba damar ya ce bai yarda ba. Ya buɗe fayil, ya ce ya bincika, tun wancan laifin babu wani. Duk a bainar jama'a, kowa na ji! Wallahi abin ya burge ni. Da a gida ne, da na so a kira Sarkin Baka da mai unguwa su ma su faɗi abin da suka sani.

Alƙali ya sa hannu, ya ce masa ya riƙa yawo da kwafin takardar kotun duk ranar da ya fita farauta, sannan aka kira shari'a ta gaba.